Na zubar da maganin damuwa a kwana na 12, ashe ko fara aiki bai yi ba

Assalamu alaikum. Ni tela ne a nan cikin garin Gombe, shekarata 38, mata ɗaya yara huɗu, na fi shekara 20 a kan keke. Sunana ba shi da wani amfani a wannan labarin, abin da nake so ya isa kunnen mutane lissafin kwanaki ne, dan wannan lissafin ne ban sani ba har ya ci min wata uku da wani abu a banza, kuma wallahi saura ƙiris ya ci abin da ya fi haka.

Abun ya faro ne bayan rasuwar Baba a ƙarshen 2022. Ni ne namiji babba a ɗakinmu, toh komai sai ya dawo kaina, ga Dada ga ƙanne ga gidana, ana cikin haka sai canjin kuɗi ya shigo farkon 2023, kwastoma zai karɓi ɗinki yace ya tura maka ta waya kuɗin su maƙale kwana uku, kai kuma ko zare ba za ka iya saya ba sai ka bi layin mai POS. Duk da haka na yi ɗinkin ƙaramar sallah na watan Afirilu, mun kwana a shago kaman yadda muka saba. Duk tela ya san bayan sallah jiki yakan mutu na sati guda sannan mutum ya miƙe. Ni ban miƙe ba.

Ƙarfe 3 na dare ido zai buɗe tar, ba mafarki ba ba komai ba, sai in kwanta ina kallon silin ina jero duk kuskuren da na taɓa yi tun ina yaro har ladan ya kira assalatu. Safiya ita ce mafi muni, kaman an ɗora min buhun masara a ƙirji, sai can wajen la'asar nake ɗan jin dama. Abinci ba ɗanɗano, tuwon da nake cinye malmala biyu sai in yi loma uku in ture, wandunana duk suka yi min yawa har sai da na rage ƙugun da hannuna. Kaina zafi daga tsakiya kaman an kunna gawayi, wani lokaci in ji kaman abu na bin jikina. Ƙwallo da nake so kaman me na daina zuwa gidan kallo, yara in suna wasa hayaniyarsu sai ta zame min kaman ana buga min ƙarfe a kunne, sai in daka musu tsawa sannan in koma ɗaki in yi ta jin ni mugun uba ne. A shago kuwa zan riƙe tef da alli in tsaya a kan yadi minti goma na kasa tuna awon da na karanta yanzun nan. Ranar da na yanka wa wani alhaji gezna na gajarce hannu duka biyun, yadi mai tsada wanda sai da na ci bashi na biya, ranar na shiga bayan shago na yi kuka irin wanda ko ranar jana'izar Baba ban yi ba.

Maganin maleriya da taifod sau uku ina sha a kemis, aka ce olsa ce na sha nata, aka auna jini aka ce bai hau ba. Dada tace baki ne ko an yi min wani abu sbd shagon ya fara suna, aka kawo rubutu aka kawo hayaƙi, wani malami ya yi min ruƙiyya sau biyu, kuma Allah ya saka masa da alheri dan shi da bakinsa yace min bai ga alamar iska ba, in ci gaba da azkar amma in je asibiti, yace Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Wadda ta kama bakin zaren ita ce babbar yayarmu, Adda, nas ce tana aiki a wajen Kumo. Ta zo duba Dada ta ganni a zaune a zaure, ta yi min tambayoyi kaman biyar sai tace kai wannan ba taifod ba ne, ciwon damuwa ne, wanda ake ce wa difireshon, gobe zan kai ka wajen likitan ƙwaƙwalwa. Nace Adda mahaukaci kika mayar da ni, so kike a ɗaure ni a kai ni Maiduguri. Tace ba mai ɗaure ka, kati za ka yanka ka zauna a benci kaman mai ciwon suga.

Watan Agusta 2023 ne, ana tsakiyar ruwa. Likitan ya daɗe yana tambayata, tun yaushe, kullum ne ko wani lokaci, yace in abu ya wuce sati 2 kusan kullum a haka toh ya wuce ɓacin rai na yau da gobe. Ya tambaye ni ko ina shan tiramol ko kodin ko wiwi, dan ya san teloli da yawa suna sha lokacin aikin sallah, nace ban taɓa ba sai shayi da goro. Ya tambaya ko na taɓa yin kwanaki ba barci amma ina jin ƙarfi da surutu da kashe kuɗi ba lissafi, yace wannan wani ciwon ne daban kuma maganinsa daban, nace a'a. Ya sa aka duba jinina da suga da maƙoshi, komai lafiya. Sai ya rubuta magani, a jikin kwalin an rubuta Sertraline, miligiram 50, ƙwaya ɗaya kullum da safe bayan na ci wani abu. Kuma gaskiya ba zan ɗora masa laifi ba, ya faɗa min zai ɗauki lokaci, Adda ma ta tabbatar min daga baya ya faɗa a gabanta, amma mai wannan ciwon kansa ba ya riƙe magana, ni abin da na fito da shi kawai shi ne an ba ni magani zan warke.

Mu kuma kun san yadda muka saba da magani. Ka sha Panadol kafin ka gama shayi kan ya saki, maganin maleriya kwana uku ka tashi, in kuwa allura ce ai a ranar ma kana jin bambanci. Da wannan ma'aunin na auna shi. Kwana na farko tashin zuciya, kwana na biyu ciki ya ɗan sake ga ciwon kai, daga kwana na uku zuwa na bakwai wani irin rashin natsuwa ya kama ni, in zauna in tashi, hannu na ɗan rawa, hamma ba adadi amma barcin ya ƙara gudu. Baƙin cikin kuwa yana nan daram ko motsi bai yi ba. Wato an bar min ciwona an ƙara min wasu a kai. Sai wani abokina a majalisa ya ga kwalin a aljihuna yace kai wa ya ba ka wannan, ai maganin masu taɓin hankali ne, in ka fara shikenan har ka mutu, ƙwaƙwalwa yake cinyewa. Da nufin alheri ya faɗa, na sani, amma maganarsa ta faɗo daidai kan abin da zuciyata ke raya min dama. Kwana na 12 na ɓare sauran na watsa a kwata, na ci gaba da nuna wa maman yara kaman ina sha, ranar komawa asibiti nace mata likita ya yi tafiya.

Satumba, Oktoba, Nuwamba, bana son in daɗe a kan waɗannan watannin. Shago ya koma a buɗe yau a rufe kwana uku, yarana biyu da suka fi iya aiki suka koma wani shagon kuma ban ga laifinsu ba, na mayar wa mutane yadinsu da kafin alƙalaminsu, na sayar da keken lantarki ɗaya. Sallah ina yi amma kaman jikina ne kawai a kan darduma. Sai tunanin ya fara zuwa cewa iyalina sun fi samun sauƙi in ba ni, tunanin da ni kaina na san haramun ne kuma ina tsoronsa, amma yana dawowa kaman ƙuda. Wani dare a ƙarshen Nuwamba na tashe ta nace Maman Ummi ina tsoron kaina, na faɗa mata komai har da maganin da na zubar. Ba ta yi faɗa ba, ta riƙe hannuna har asuba tana cewa Abban Ummi kar ka ƙara ɓoye min, gari na wayewa ta kira Adda. Duk wanda ya kai wannan wajen don girman Allah ya faɗa wa wani a daren, a kai shi asibiti ba sai an jira ranar da aka rubuta a kati ba.

Farkon Disamba muka koma, ina jin kunya kaman ƙasa ta tsage. Likitan yace Malam kwana nawa ka sha, nace 12 ranka ya daɗe, yace ai ka sha wahalar ka bar ribar. Wannan karon sai ya sa Maman Ummi ta shigo ta zauna, yace da ita zai yi maganar dan ita za ta riƙe. Yace maganin yana shiga jini a ranar da aka sha, cikin awanni ma yana ƙara wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira sirotonin, shi ya sa tashin zuciya ke zuwa da wuri dan hanji ma yana da wannan sinadarin da yawa, kuma sai ya yi wajen sati guda ana sha kafin ya daidaita a jini, amma ita ƙwaƙwalwar sai ta ɗau makonni tana gyara kanta a hankali kafin mutum ya ji a ransa. Yace yawanci sati 2 zuwa 4 ake fara ganin alama, sati 4 zuwa 6 kafin a ce ya kama sosai, wani ma sai sati 8, kuma laulayin farkon yakan lafa cikin sati ɗaya ko biyu. Wato daidai lokacin da wahalar ke shirin wucewa alherin ke shirin leƙowa, nan na zubar. Ina jin haka sai na tuna gonar Baba, ka zuba wa masara taki yau in ka dawo gobe ganyen yana nan ɗorawa-ɗorawa yadda ka bar shi, wanda bai san noma ba sai yace takin jabu ne, sai an kwana biyu ruwa ya ratsa sannan ka ga gona ta yi duhu.

Ya ƙara da wani abu da ya zauna min, yace barci da cin abinci da ƙarfin jiki sukan riga zuciya dawowa, kuma na kusa da kai sukan riga ka gani. Sannan ya gargaɗe ta ta sa ido sosai a makonnin farko dan wasu, musamman matasa 'yan ƙasa da shekara 25, mugun tunani yakan ƙaru musu a farkon shan maganin, in ta ga haka ta dawo da ni ko tsakar dare ne. Maganin ya koma hannunta, ita ke ba ni kullum bayan koko. Adda kuma tace a samu littafi a dinga rubuta abu uku kullum, barci awa nawa, abinci ya aka ci, an fita ko ba a fita ba. Ba mu da wani littafi a kusa sai tsohon littafin awona, a bayansa Maman Ummi ta ja layi ta fara, ga awon kafaɗa da tsayin rigar mutane a gaba ga kwanakina a baya.

Sati na farko da na biyu duk abin nan ya dawo, tashin zuciya da rashin natsuwa, sai dai yanzu na san sunansa. Amma bari in faɗa muku gaskiya sanin bai hana zuciyata yi min huɗuba ba. Ciwon nan aikinsa kenan ya ce maka babu abin da zai yi amfani, toh shi ne kuma zai zauna ya yi alƙalancin ko magani na aiki, kun ga ai an ba kura ajiyar nama. Kullum da safe sai ya ce min ka gani, kwana 9 ba komai, kwana 13 ba komai, kai naka daban ne ba irin na sauran ba, asarar kuɗi kawai kake ja wa matarka da ta sayar da ɗan kunnenta. Kwana na 14 na ce mata na gaji a bar shi, ga sanyin hunturu ga hazo ko ƙofar gida bana son gani, tace Abban Ummi likita yace sati shida, ka ba ni sati shidan nan bashi, in ya cika ba ka ga komai ba ni da kaina zan raka ka mu faɗa masa. Da wannan bashin na haɗiye na ranar. Wallahi da a hannuna maganin yake da na sake zubarwa.

A littafin an rubuta kwana na 19 na yi barci har aka kira sallah ban farka ƙarfe 3 ba. Ni ban ɗauke shi komai ba nace gajiya ce. Kwana na 22 ta yi tuwon masara da miyar kuka na cinye na ce ko da saura, ita ta juya baya tana share ido ni kuma ina mamakin me ya faru, dan a raina har lokacin duhu ne, da za ka tambaye ni a ranar zan rantse maka maganin bai yi komai ba. Da sati 4 ya cika muka koma, likita yace ya jiki nace jiya i yau, sai Maman Ummi ta miƙa masa littafin. Ya duba yace Malam da kana barcin awa 3 yanzu kana yin 5 zuwa 6, da sau ɗaya kake cin abinci yanzu sau biyu har uku, satin nan sau uku ka je masallaci da ƙafarka, wannan ba jiya i yau ba ne. Yace alama ce maganin ya karɓe ni amma bai kai ba, ya ƙara shi zuwa miligiram 100, yace kuma in sa rai laulayin zai ɗan leƙo na kwana kaɗan, haka kuwa aka yi.

Sati na biyar ya zo min da koma baya, kwana uku a jere na kasa tashi, na ɗauka komai ya rushe. Adda a waya tace haka yake, ba miƙaƙƙen titi ba ne, ka daina auna yau da jiya ka auna satin nan da wancan. Wannan maganar ta taimake ni fiye da yadda take zato.

Ranar da ni da kaina na fara ji, kwana na 41 ne, tsakiyar Janairu 2024. Ina zaune a tsakar gida ina shan hantsi, autanmu ɗan shekara uku ya ɗauko tef ɗina ya rataya a wuya ya je yana auna akuya yana ce mata tsaya daidai Alhaji, sai naji dariya ta fito min daga ciki, ta gaske, har da tari. Maman Ummi ta tsaya a bakin madafa da ludayi a hannu tana kallona. Ba wai daga nan na warke ba, da yamma nauyin ya dawo, amma na gane ashe ƙofar ba a toshe take da siminti ba. Daga nan sai ranaku masu sauƙi suka fara yawa, biyu a sati, uku, huɗu. Likitan dama ya haɗa ni da wata ma'aikaciya da muke zama muna magana duk bayan sati biyu, ita tace kar in jira sai naji sha'awar aiki, in fara da ƙarami sha'awar ta same ni a hanya, toh sai na fara zuwa shago awa ɗaya ina sa maɓalli ina guga kawai, da yamma in taka da ƙafa daga gida zuwa wajen filin wasa na Pantami in dawo. Sati na takwas na ɗau almakashi na yanka kaftani na farko, yadi mai araha na zaɓa dan tsoro, ya fita daidai. Sai wajen sati na 10 zuwa 11, ƙarshen Fabrairu, na tashi wata safiya na yi wanka na karya na fita har na buɗe shago sannan na lura yau ban tsaya na duba ƙirjina ko nauyin na nan ba.

Nawa kenan, kuma ba lallai na wani ya zama haka ba. A bencin asibiti na saba da wani dattijo manomi daga wajen Dukku, shi Amitriptyline aka ba shi da daddare, yace tun daren farko ya samu barci dan shi wannan yana sa barci, ga bushewar baki, amma ransa sai da ya yi wata guda da wani abu kafin ya sake. Wata baiwar Allah kuma da mijinta ke kawowa ta yi sati 6 cur a kan Fluoxetine ba wani canji sai aka sauya mata wani, lissafi ya koma farko, a na biyun ta dace. Da na tambayi likita yace ba abin mamaki ba ne, a wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum wajen 4,000, kusan ɗaya cikin uku ne suka warke sarai da maganin farko, sauran sai da aka canza ko aka haɗa da wani, kuma da yawansu sun samu sauƙi a gaba. Shi ya sa yace in sati 4 ya cika ba ko alama, ba zubarwa ake ba kuma ba zama ake a yi shiru ba, komawa ake a ƙara ko a canza. Benci kuwa kullum cike yake, malaman makaranta, 'yan kasuwa, matan aure, ɗalibai, mutane masu kamala da in ka gan su a hanya ba za ka ce komai ba. Adda tace Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa sama da mutum miliyan 7 ke da wannan ciwon a Najeriya, kuma sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da tsohuwar dokar 1958 ake aiki tun ta zamanin Turawa. Ba mamaki mutane ke ɓoyewa.

Akwai abu ɗaya da maza ba sa faɗa kuma na san yana sa da yawa su daina sha a ɓoye, zan faɗa duk da nauyinsa. Maganin yakan taɓa harkar iyali, sha'awa ta ragu ko abu ya yi ta jinkiri. Ya same ni bayan an ƙara min, na yi sati biyu ina jin nauyin faɗa, da na daure na faɗa wa likita ko a jikinsa, yace sananne ne kuma akwai yadda ake yi, ko a jira ko a rage ko a canza, kuma shi ciwon kansa ma yana kashe sha'awa. Nawa da kansa ya ragu da tafiya ta yi nisa.

Azumi ya kama 11 ga Maris, na tambaya tun kafin ya zo, yace tunda sau ɗaya ne a rana in mayar da shi lokacin sahur, haka na yi har wata ya ƙare ban sha azumi ko ɗaya ba. Ɗinkin sallah na karɓa amma rabin abin da na saba, kuma na ƙi kwana a shago dan an gargaɗe ni rashin barci na iya tayar da abun, wasu kwastomomi sun ji haushi na ba su haƙuri. Bayan sallah ne nace wa likita ai na warke a sallame ni, yace nan ne mutane ke faɗawa rami na biyu, ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi, dan in aka yanke da wuri yana saurin dawowa, ni kuma tunda nawa ya yi tsanani wata 9 yake so in ƙara daga lokacin da na samu kaina. Nace toh ba maganar abokina ba ce kenan ta kama jiki, yace a'a, ba ya bugarwa ba ya sa ka dinga neman ƙari kaman tiramol, sai dai jiki yakan saba da shi shi ya sa ba a yankewa lokaci guda. Na ga gaskiyar wannan da na je Kano sarin shadda a Kantin Kwari wajen watan Yuli na manta kwalin a gida, tafiyar kwana biyu ta zama huɗu, kwana na uku jiri ya fara ɗibata ina jin wani zirr a kai kaman wutar lantarki ta taɓa ni in na juya ido, ga saurin fushi, na tsorata na ɗauka ciwon ne ya dawo, ina dawowa na ci gaba da sha kwana biyu ya wuce. Tun daga ranar ko Bajoga zan je sai na sa shi a aljihu.

Disamba 2024 ya fara rage min, daga 100 zuwa 50 na wasu makonni, daga nan rabi, sannan na ajiye a farkon 2025, ya kuma ce min in na ga farkawar ƙarfe 3 ta dawo ta yi min sati guda ko abinci ya fara fita raina in zo kar in jira ya kwantar da ni, dan wanda ya taɓa yi yana iya sake yi. Zuwa yanzu Alhamdulillah, na sake sayen keke, ɗaya daga cikin yaran da suka tafi ya dawo. Dada har yau tana cewa addu'a ce, ni kuma ina ce mata ƙwarai kuwa Dada, addu'arki ce ta kawo Adda zauren nan ranar.

Abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan, satin da ya wuce yaron shagona ya ja ni gefe yace Oga yayana ne aka ba shi irin maganin da ka sha, yau kwanansa 10 yace ba ya yi masa komai sai amai da rashin barci, ya rantse gobe ba zai sha ba. Na rufe shago bayan magariba muka hau mashin har Bolari, na tarar da shi a ɗaki fitila a kashe, saurayi ne bai fi 24 ba. Na buɗe masa bayan littafin awon nan na haska da waya na nuna masa kwana na 10 nawa, barci awa 3, abinci loma kaɗan, bai fita ba, na buɗe masa kwana na 22 da na 41. Na tambaye shi kai tsaye ko mugun tunani na zuwa masa, ya yi shiru sannan ya gyaɗa kai, sai na kira mahaifiyarsu na damƙa mata kwalin a hannu nace Inna ke za ki dinga ba shi kuma yau kar a bar shi ya kwana shi kaɗai. Katinsa ya nuna sai nan da sati biyu zai koma, nace ba za mu jira ba, washegari ƙarfe 7 na zo da mashin na ɗauke shi muka tafi asibiti.